Boris ɗin Jangwada

Shekaran jiya wani saurayi ya tsaya a bakin garejina, ya tarar da ni kwance ƙarƙashin wata tsohuwar bas, ya ce, "Baba, ai yanzu kanikanci ya zama wasa. Ka jona na'ura a jikin mota, ta faɗa maka ciwonta, ka cire tsoho ka sa sabo, shi ke nan." Na ce madalla. Na miƙa masa sifana na ce ya kwance mini wani noti da ya yi shekara tara yana shan ruwa da laka. Ya ja, ya yi nishi, ya sake ja, sifanar ta suɓuce, ya daki yatsansa a jikin ƙarfe, ya tafi yana tsotsa. Na'urar tasa tana aljihu, ba ta ce uffan ba.

To ku da kuke ganin haka abin yake, ku gyara zama. Sunana Tanimu, a Minjibir aka haife ni, kuma a nan nake kwanciya ƙarƙashin motocin mutane tun kafin iyayenku su san juna.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan wankin noti ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ya tabbatar ni da fartanya ba ma shiri, sai ya kai ni birni wajen wani bakanike da ake kira Malam Uba Kurma. Malam Uba ya ajiye mini kwano da kananzir da guntun tsumma. Wata shida ina wanke noti ina jera su a kan allo daga babba zuwa ƙarami. Idan ya zo ya ga ɗaya ba a gurbinsa ba, sai ya sa ƙafa ya kifar da allon gaba ɗaya. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Yanzu da na tsufa na yi tunani sosai, kuma na tabbata muguntar ce. Sai dai da watannin nan suka cika, ido a rufe ka ɗora mini noti a tafin hannu zan gaya maka sifanar da za ta kama shi.

Kurma ne na gaske, sai ka ɗaga murya har maƙwabta su amsa kafin ya ji sallama. Amma inji bai taɓa ɓoye masa komai ba. Yana da wata doguwar sukundireba, sai ya ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, ya ciji ƙotar da haƙora, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Fistan na uku ne." A buɗe a ga na ukun ne. Haƙoransa na gaba duk a wannan aikin suka ƙare. Direba zai zo ya yi ta zuba masa bayani, shi kuwa yana gyaɗa kai, bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya taɓa ce mini da yana jin abin da direbobi ke faɗa, da tuni ya bar sana'ar, domin babu wanda yake kawo mota ya faɗi abin da ya yi mata.

Ranar da ya sallame ni, bayan shekara bakwai, ya ba ni guduma ɗaya, kurfi ɗaya, sifana huɗu, da wani jak da ke sauka da kansa idan ya gaji. Da su na dawo gida na kafa gareji a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin tasha. Gareji dai sunan ne. Bishiya ce, da akwatin ƙarfe, da ni.

Motar farko da aka kawo mini akori-kura ce ta 'yan kasuwa, birkinta ya ƙi ci. Direban ya rantse shi bai taɓa komai ba. Na buɗe tulun man birki na ga kumfa. Na ce mene ne wannan? Ya ce ɗan ruwan sabulu ne ya ƙara, don ya ga ya yi ƙasa. Mutum goma sha biyar da akuya uku yake ɗaukowa daga ƙauye da wannan birkin. Irin mutanen da na yi rayuwa da su ke nan: su da masu injin markaɗe, da masu injin ban ruwa, da mai tarakta ɗaya da ba ya tunawa da ni sai hadari ya haɗo.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, dawa ta bushe a tsaye, gyaɗa ba a ma maganarta. A daidai lokacin kuma aka toshe shigo da kaya daga waje. Sabulu da sukari da madara suka koma sai an bi layi, kayan gyaran mota kuwa suka ɓace kamar an share su da tsintsiya. Da kwalin shayi nake yanka gasket, abin nan da ake shimfiɗawa a mahaɗar ƙarafan inji don kada mai ya yi yoyo. Fulogi ɗaya sai na ƙona shi a wuta na goge da yashi sau biyar. Motoci suka yi ta mutuwa a bakin hanya ana dasa su a kan duwatsu. Mutane suka sayar da jakai, wasu har ƙyauren ɗaki. Wata rana sai in wuni ban taɓa sifana ba.

A wannan shekarar Alhaji Nababa ya aiko a kira ni.

Alhaji Nababa shi ne attajirin wani ƙauye da ke arewa da mu. Ya yi arziki da gyaɗa, da gyaɗa ta mutu ya koma kwangila lokacin da ƙasa ke cikin daula. Mutum ne ƙato, mai ƙatuwar dariya, kuma idan ya ga abu ya burge shi ba ya tsayawa tambayar amfaninsa. Da haka ya sayi motar wani Bature injiniya da ya gama aikin madatsar ruwa zai koma ƙasarsu. Mota ce ta tsere, ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Cikinta kusan a ƙasa yake, don haka mutanen ƙauyen suka sa mata Jangwada. Idan Alhaji zai shiga sai ya tattare babbar riga ya faɗa ciki kamar an saki buhu a rijiya. Idan zai fito sai mutum biyu sun kama hannu. Shekara shida tana hannunsa, daga gida zuwa masallacin Juma'a, daga masallaci zuwa gida, a cikin rairayi, tana gurnani. Ranar kasuwa na taɓa ganin rago zaune a ɗaya kujerar.

Na same shi a zaure ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya ce, "Tanimu, zauna. Rumbuna huɗu, yau na sa an share na ƙarshe."

Na ce, "Subhanallahi."

Ya ce, "Gidan nan ka san yawan bakin da ke cikinsa. Ban da su akwai gida uku na maƙwabta da tukunyata ce tasu, ba a dai faɗa. Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a birni, ya kawo masara daga kudu. Ɗansa ya ga Jangwada ya haukace. Uban ya ce in kawo ta ya cika mini babbar mota da masara, a yi musaya. Jiya yaron ya zo gwaji. Yana taka kuloci ta ƙwala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa, giya kuma ta ƙi shiga sai da kokawa. Ya ce in ba ta je birni da ƙafarta ranar Alhamis ba, kuma bakinta a rufe, masarar akwai masu jira."

Ranar Lahadi ce. Na je na tayar da ita, na taka kulocin da kaina, na ji ihun. Na san ko wane ne.

Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani ɗan boris da bai fi bakin kofin shayi faɗi ba. Yana zaune a cikin rami a gindin babban sandan inji, wanda muke kira karanshaf, shi ne yake riƙe da hancin sandan giya don kada ya yi lilo. Abin bai kai a kalle shi sau biyu ba. Amma kafin ka gan shi sai ka sauke akwatin giya da kuloci duka. Idan ka gan shi ma ba ka yi komai ba, domin ramin da yake ciki ba shi da mafita ta baya. Ba inda za ka buga shi ya fito. Dole ka jawo shi zuwa gare ka, kuma ba shi da kunne balle ka kama. Manyan gareji suna da wani ƙarfe na musamman mai farata da ake zaro shi da shi. Ni sau ɗaya na taɓa ganin wannan ƙarfen, a hannun wani mutum da bai yarda na taɓa ba.

Jak ɗina bai shiga ƙarƙashinta ba, ta yi ƙasa da yawa. Sai muka haƙa rami a ƙofar gidan Alhaji, mai tsawon mutum, muka turo ta a kai. Masu wucewa suka riƙa tambaya wa ya rasu. Na nemi Ɗan'asabe maƙeri, abokina ne tun muna yara, ya zo da uwar maƙera da zugazugi, domin shi ma a shekarar ba mai sayen fartanya. Ni da shi muka wuni Litinin muna kwance notuna. Baturen da ya ƙera motar nan bai yi tunanin mai yatsu irin nawa zai taɓa ta ba. Akwai noti biyu a can sama da sai na kwanta rigingine, na ɗaura sifana a jikin sanda, na riƙa juyawa kaɗan kaɗan ban gan su ba. La'asar sakaliya akwatin giyar ya sauko a kan ƙirjin Ɗan'asabe, ya ce wani abu da ba zan maimaita ba.

Alhaji kuwa ya shimfiɗa buzu a bakin ramin, carbi a hannu, bai motsa ba sai salla. Bayan kowane ɗan lokaci sai ya leƙo ya ce, "Ya fito?"

Safiyar Talata na ga boris ɗin ido da ido. Ya yi baƙi, ya ƙone, 'ya'yan cikinsa sun farfashe, bayansa kuma ya manne da ramin kamar tare aka haife su. Na lanƙwasa bakin wata tsohuwar sukundireba na saƙala ta bayansa na ja. Ta karye. Ɗan'asabe ya hura wuta ya ƙera mini ƙugiya mai kyau, muka ɗaura mata igiya, mutum uku suka ja. Ƙugiyar ta miƙe sambal kamar tsinke, mutum ukun suka zube a kan juna. Ya ƙera wata mai kauri, ita kuma ta ƙi shiga.

Ɗan'asabe ya ce, "Ka bar ni da shi. In tara masa gawayi in zuga, ƙarfe duk taurin kansa wuta yake tsoro."

Na ce, "Bayan wannan wurin akwai robar da ke tare baƙin mai. Ka ƙona ta, daga nan har Ikko babu irinta."

Ya ce, "To a sa kurfi a fasa shi."

Na ce, "Kurfi ya goce sau ɗaya ya ƙwarzane ramin, sabon ba zai zauna ba har abada. Sai dai Alhaji ya mai da motar akurkin kaji."

Alhaji daga sama ya ce, "Kajin ma an cinye."

A nan na tuna wata dabara da na ga Malam Uba ya yi sau ɗaya. Ka cika ramin da abu mai kauri ta tsakiyar boris ɗin, ka samu sandan ƙarfe da ya yi daidai da kafar cif, ka sa ka buga da guduma. Abin da ke ciki ba shi da wurin gudu, sai ya koma ya turo boris ɗin ta baya. Ɗan'asabe ya ɗauki wata tsohuwar kusa ya goge ta da magagari har ta shiga kafar ba ta rawa. Ina da ragowar giris rabin gwangwani da nake ɓoyo kamar zinare. Na ɗura shi, na sa kusar. Alhaji ya ce wannan sai ya gani da idonsa, aka kama shi ya sauko cikin ramin, ya kawo fuskarsa kusa. Na ɗaga guduma na sauke. Giris ɗin ya bi ta tsakanin fasassun 'ya'yan ya yi tsartuwa, duk ya ƙare a gemun Alhaji. Boris ko gezau.

Yana goge gemu ya ce, "Shi malamin naka haka ya yi?"

Na ce, "Shi da sabulu ya yi, ranka ya daɗe. Giris ya yi ruwa da yawa."

Aka aika cikin gida a kawo sabulu. Hajiya ta aiko da amsa cewa rabonta da sabulu tun kafin azumi, da toka ake wanki, in kuma Alhaji ya san inda ake samunsa ya fara kawowa gida kafin ya ba mota. Aka zaga ƙauyen kaf, ba ko ɓalli. Na ce ko burodi zai yi. Mutanen da ke tsaye suka yi dariya, wani ya ce shi ya manta kamanninsa.

Ana haka rana ta take, sai ga Inna Jumma da ƙwaryarta. Bafulatana ce dattijuwa da ke kawo fura da nono daga rugarsu, kowa ya san ta, kowa kuma yana shakkar bakinta. A shekarar shanu sun rame, nonon kusan ruwa ne, furar kuwa geron ya yi ƙaranci har tana haɗawa da dusa. Ta yi tauri, ta yi danƙo, sai an daɗe ana dama ta. Na leƙo daga ramin na ga dunƙulen a jere a kan faifai. Na ɗauki ɗaya na matsa da yatsa. Bai fashe ba, bai kuma yi ruwa ba.

Na ce, "Inna, ba ni biyar."

Ta ce, "A dama?"

Na ce, "A'a, haka nan. Mota zan ba."

Ta dube ni, ta dubi Jangwada, ta karɓe dunƙulen daga hannuna ta mayar, ta rufe faifan. Ta ce, "Kai Kaɗo, kanka ɗaya? A wannan shekarar? Mutane suna tafasa ganye suna kwana, kai za ka cusa hatsi a gindin ƙarfe? Wallahi ba da furata ba."

Na yi bayani, na ce taurinta nake so, don duk ƙasar nan babu abin da ya kai ta. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Ta ce wato furar tata ce dutse, ta fara naɗa gammo za ta tafi.

Alhaji ya sa aka fito da shi daga ramin, gemu na maiƙo, ya je ya durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Inna, ba wasa yake yi ba. In abin nan ya fito, masara mota guda za ta shigo garin nan jibi. In bai fito ba, ni ban san abin da zan gaya wa matan gidana ba. Ki ba mu."

Ta dube shi sama da ƙasa. Can ta sauke ƙwaryar ta ce, "Zan bayar. Amma ko ɓurɓushi kada ya faɗi ƙasa a taka. Kuma da bisimilla za a sa."

Da bisimilla na sa. Na gutsura na cusa da ɗan yatsa har ramin ya cika, na sa kusa na buga. Furar ta shige ciki ta ɓace. Na ƙara, na buga. Dunƙule na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, ramin yana ci kamar baƙon da ya kwana a hanya. Inna Jumma tana tsugune a bakin rami tana cewa, "Kun gani ko? Ita ma yunwar take ji." A na uku sai na ji gudumar ta sauya murya. Da tana cewa fuf, yanzu ta ce ƙam, kusar ta tsaya ta ƙi shiga. Na ce Ɗan'asabe ya riƙe da arautaki. Na tattara ƙarfina na buga sau uku. Na shafa bakin ramin da yatsa, na ji gefen boris ɗin ya taso kamar kaurin farce.

Ban gaya wa kowa ba. Na zare kusar, na ƙara fura, na buga. Ya ƙara tasowa. A dunƙule na huɗu ya fito gaba ɗaya ya faɗo mini a goshi, ga tabon nan har yau. Mutanen da ke sama suka yi kabbara kamar an ga wata.

Inna Jumma ba ta yi kabbara ba. Ta miƙo ganye ta ce in kwaso furar da ke cikin ramin duka. Na kwaso ta baƙa ƙirin da giris, ta naɗe, ta sa aka binne a gindin bishiya. Sannan ta miƙo mini na biyar ta ce, "Wannan kai za ka ci, a gabana, ba nono. Ka ji ko dutse ne." Na ci. Na daɗe ina taunawa, amma na ce mata ban taɓa cin mai laushinta ba.

Saura sabon boris. Na san ko na je birni ba zan samu na wannan motar ba, kuma ba lokaci. Na wanke tsohon da kananzir na karanta lambar da ke gefensa. Boris ba ruwansa da sunan mota, lamba kawai ya sani, kuma wannan lambar na taɓa ganinta a cikin fankar sama. Na ce, "Alhaji, akwai mai fanka a garin nan?"

Ya ce, "Akwai ni."

Ashe lokacin da aka zo aka kafa turakun lantarki a ƙauyen, Alhaji bai jira waya ba, ya je birni ya sayo fanka ya rataye a ɗakin baƙi. Wayar ba ta zo ba, turakun ma gara ta ci rabinsu. Fankar tana nan shekara da shekaru, ba ta taɓa juyawa ba sai in an taɓa ta da sanda don baƙi su gani. Muka sauko da ita, na buɗe. Boris biyu sababbi fil, ɗaya lambarsa ita ce tawa. Na shafa masa ɗan mai, na ɗora guntun katako a kansa, na riƙa ƙwanƙwasawa a hankali har ya zauna daram.

Laraba duka a mayar da kaya ta tafi. Notunan nan biyu na sama sun fi wuyar sawa a kan cirewa. Da yamma na tayar, na taka kuloci. Shiru. Na sa giya ta ɗaya ta shiga kamar cokali a kunu.

Ranar Alhamis da hantsi muka kama hanya, ni a sitiyari, Alhaji a gefe ya cika kujerarsa da rabin tawa. A mashigin rafi rairayi ya riƙe ta, sai da mazan ƙauyen suka ɗaga ta cak da Alhajin a ciki suka tsallakar. Muna hawa kwalta, mun ɗan taɓa tafiya, ya ce in tsaya.

Ya ce, "Tanimu, giya nawa gare ta?"

Na ce, "Biyar."

Ya ce, "Shekara shida ban taɓa wuce ta biyu ba. Fito ka jawo ni."

Na ce, "Alhaji, masarar mutane tana kan motar nan."

Ya ce, "Na sani. Fito ka jawo ni."

Na jawo shi, na zagaya da shi, na tura shi bayan sitiyari. Hanya ba kowa, a shekarar wa yake da man yawo. Ya sa ta ɗaya, ta biyu, na nuna masa inda ta uku take. Motar da na sani da gurnani sai ta sauya murya, ta kwanta a kan titi ta miƙe. Ta huɗu. Busassun gonaki suka riƙa wucewa kamar ana jan tabarma. Ta biyar. Iska ta cika babbar rigarsa ta kumbura ta rufe mini fuska, hularsa ta tashi ta tafi abinta. Ni ina karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo, shi kuwa yana dariya, irin dariyar da rabon a ji ta tun kafin ruwa ya ɗauke. Sai da rufin kwanon birni ya fara bayyana ya ɗaga ƙafa.

Ɗan mai hatsin ya zagaya da ita sau biyu, ya taka kuloci ya fi sau ashirin yana kasa kunne. Bai ji komai ba. Alhaji ya miƙa makulli, bai waiwaya ba. Bayan azahar aka cika babbar mota da masara, mu biyu muka hau can sama kan buhuna, shi kai ba hula.

Masarar nan ita ta kai gidansa da gidaje ukun nan har kaka ta gaba, ni ma buhu ɗaya ya sauka a ƙofata. Rawaya ce, ba mu saba da ita ba, tuwonta kamar an zuba gangamau, amma ban ji wanda ya mayar da kwano ba.

A kan buhunan nan, muna tafe motar na rangaji, Alhaji ya taɓo ni ya ce, "Tanimu, ɗazu gudu nawa muka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, allurar nan mai nuna gudu ta mutu tun bara. A kwance take har muka iso."

Ya shafa kansa. Sannan ya ce, "To duk wanda ya tambaye ka, ka ce ɗari biyu."

Alhaji Nababa ya daɗe da rasuwa, Allah ya yi masa rahama. Ɗari biyu muka yi.